Biskit Mai Faɗin Gobe

Duk ɗan Nijar da ya zauna Greensboro a shekarun nan ya san Mamane. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Ba a raba shi da sani. In injin mota ya tsaya, ya san dalili tun ba a buɗe ba. In an yi dusar ƙanƙara, cewa zai yi tun jiya ya ji ta a gwiwarsa. Aikinsa wankin motoci ne a filin sayar da motoci na Alhaji Mourtala da ke High Point Road, amma in ya buga waya Maraɗi sai ya ce shi ne mai kula da sashen ƙyalli na kamfani.

Abu ɗaya ne ke ɗaure wa wannan baki nasa igiya, wato zancen Hamsatou. Ɗiyar yayan Alhaji ce, a gidansa take zaune, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Mamane na sonta so na gaske, ita ma ba ta ƙi shi ba, amma ta gaya masa a fili cewa in da gaske yake, ya samu Baba Alhaji ya buɗe baki ya faɗa. To nan fa ake yin ta. Da ya tsaya gaban Alhaji da niyyar magana, sai ya ji kansa yana tambaya ko a wanke tayun Toyotar can.

Ga shi lokaci ya ƙure. Ranar Asabar za a yi sunan jikan Alhaji a gidansa na Summerfield, ranar Talata kuma Alhaji zai tashi zuwa Nijar, ba zai dawo ba sai bayan watanni. Sannan ga wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya, Sirajo, da ya tsiro da yawan zuwa gidan da farar shadda da ladabi kamar ba ya taka ƙasa. Mamane ya rantse in ya bari Alhaji ya hau jirgi bai ji zancen ba, to kafin ya dawo ɗan Zariya ya yi gaba da ita.

Da aka raba aikin suna, Mamane aka ɗora wa kawo alawar da za a raba wa baƙi. A nan dabara ta faɗo masa. Ya iso ɗakin da suke haya shi da abokinsa Hamissou, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Hamissou, ka san ɗan biskit ɗin nan da Shinuwa, 'yan China, ke bayarwa a gidan abincinsu in an gama ci? Wanda in ka fasa za ka tarar da 'yar takarda a ciki tana gaya maka abin da zai same ka?"

"Na san shi. Mi ya faru?"

"Shi za ni rabawa ran suna. Zan cire takardunsu in sa nawa. Alhaji zai fasa nashi ya ga ƙaddara da kanta na ce mashi ya ba ni Hamsatou. Ni ko tari ba zan yi ba."

Hamissou ya ajiye cokali. "Mamane, magana ce ta minti guda. Ka durƙusa, ka faɗa, ka tashi."

"Wannan tsarin ƙauye ne. Nan Amirka ce, ana aiki da kai."

"Kanka ne nake tsoro."

Washegari Mamane ya shiga wani babban kantin kayan abincin Asiya a High Point Road da tafiyar mai shirin saye kantin. Wata ma'aikaciya mai suna Angelina ta nuna masa iri-iri. Ga na gama-gari, ga mai cakulan, ga shuɗi na bikin haihuwar ɗa namiji. Ta ce masa in yana son saƙonsa a ciki akwai kamfanin da ke yi, a ba su mako biyu. Mamane ya yi murmushin tausayi, ya ce ta bar kamfani ya huta, shi kansa kamfani ne.

Sai ya shiga zaɓe. Ya ɗauki ɗaya ya kaɗa a kunne, ya girgiza kai, ya mayar. Ya ɗauki wani ya ɗaga wa fitila. Ya ce da Angelina mai albarka ƙararsa daban ce, a ƙasarsu haka ake zaɓen kankana. Ya murza wani don ya ji taurinsa, ya fashe. Ya ce wannan dama ba shi da lafiya. Ya murza na biyu, shi ma ba shi da lafiya. Da marasa lafiya suka yi yawa a ƙasa, Angelina ta ɗauko kwalin gaba ɗaya ta ɗora masa a hannu ta nuna masa wurin biya. A bakin ƙofa ya haɗu da wani ɗan Tawa, ya ce masa shi ya zaɓi kwalin da kansa bayan dogon bincike.

A gida ya zauna ya rubuta saƙo uku a kan siraran takardu, yana karanta wa Hamissou da murya irin ta mai labarun rediyo. Na Alhaji ya ce: "Mai jar hula na neman ɗiyarka. Ka ba shi, kada ka yi gardama." Na Hamsatou ya ce: "Mijinki na tsaye bakin ƙofa da jar hula." Na Sirajo kuwa ya ce: "Tafiya mai nisa na gabanka. Tattara kayanka, ba ka dawowa garin nan."

"Da Hausa ka rubuta?" in ji Hamissou.

"To da mi? Alhaji na karanta Turanci ne?"

"Tun yaushe Shinuwa suka iya Hausar Maraɗi?"

"Kai fa ba ka bin ci gaban duniya."

"Kuma na ukun nan, Mamane, ramin mugunta ne. Ka gina shi gajere."

"Ba rami ba ne, shawara ce."

Sauran aikin shi ne shigar da takardun. Ya fara da hantsaki, yana zaro na ciki, biskit na rugujewa a hannunsa. Ya ce sai an tausasa su. Ya aro madambaci wurin matar maƙwabcinsu ya turara su kamar dambu, da ya buɗe sai ya tarar da abu kamar kunu da takardu na iyo a kai. Ya ce wuta ce ta yi kaɗan. Ya jera wasu cikin na'urar ɗumama abinci, ya murɗa ta ƙarshe, ya tafi alwala. Kafin ya wanke ƙafar hagu hayaƙi ya cika ɗakin, ƙararrawar gobara ta ɓarke da ihu, mutanen bene suka yo waje da jarirai da tukwane. Mamane ya fito yana fifita da tawul yana ce musu kowa ya kwantar da hankali, gwaji ne, kuma ƙararrawar ta ci jarrabawa.

Da ƙyar da jiɓin goshi guda uku suka fito da rai, a karkace kamar kunnen akuya. Ya sa na Alhaji a aljihun dama, na Sirajo a na hagu, na Hamsatou a aljihun ƙirji wajen zuciya. Ragowar waɗanda bai taɓa ba ya juye su a babban faranti.

Ranar Asabar gidan Alhaji ya cika. Maza na zaune kan tabarmi ƙarƙashin rumfar da aka kafa a bayan gida, dawakin maƙwabci na leƙe ta saman shinge, mata kuma na ciki da tukwanen shinkafa. Mamane ya iso da babbar riga da jar dara sabuwa fil, ya karkata ta gefe don kowa ya shaida launinta. Bayan Malam, limamin jama'ar, ya yi addu'a an raɗa wa yaro suna, sai ya ɗauko farantinsa ya tsaya tsakiya.

"Jama'a, yau ba alawa. Na kawo muku gato, wato biskit, na musamman daga Shin, ƙasar Shinuwa. Kowane ɗaya da labarin mai cinsa a ciki."

Ya durƙusa gaban Alhaji ya miƙa na aljihun dama da hannu biyu. Ya juya ya danƙa wa Sirajo na hagu yana masa murmushin da bai kai ciki ba. Sannan ya zagaya ƙofar kicin, ya tarar da Hamsatou ta fito da kwanon miya, ya ɗora mata nata a kan murfi, ya ce ta fasa shi ita kaɗai, ta kuma dubi bakin ƙofa. Ya dawo yana jin kansa kamar wanda ya gama gina gada.

Abin da Mamane ya manta, duk da saninsa, shi ne mutanensa ba sa riƙe abin da aka fara ba su in akwai babba a kusa. Yana dawowa ya ga Alhaji na miƙa nasa ga Malam.

"Bismillah, Malam. Ba ni fara ci kana zaune."

"Alhaji!" Mamane ya yi tsalle. "Wannan naka ne! Ga na Malam nan a faranti!"

"Kai, yaro, duk ba gato ba ne? Malam, ci abinka."

Sirajo kuwa, da ya ga hannun Alhaji ya koma wayam, tarbiyyar Zariya ta motsa. Ya rarrafo ya ajiye nasa a tafin Alhaji.

"Ranka ya daɗe, bai kamata ina riƙe da shi kai ba ka da shi ba."

"Allah shi yi maka albarka," in ji Alhaji, ya jefa shi aljihu.

Mamane ya matso yana cewa a ba shi ya canza wa Alhaji da wanda ya fi kyau, wannan a karkace yake. Alhaji ya ce ai shi ma a karkace yake tun da ya haura sittin, sun dace. Kafin Mamane ya samo wata dabara sai aka ji ƙurus. Malam ya jefa nasa baki gaba ɗaya kamar dabino. Ya tauna, ya tsaya, ya sa yatsa biyu ya zaro takarda daga tsakanin haƙoransa.

"Subhanallahi. Laya ce?"

Ya ɗora tabarau, ya warware ta, ya karanta da ƙarfi: "Mai jar hula na neman ɗiyarka. Ka ba shi, kada ka yi gardama." Ya ɗago kai. "Ɗiyata? Ni da Allah ya ba maza zalla?"

Wani daga baya ya ce, "Malam, ai iyali na da juna biyu!"

Wuri ya kaure. Aka shiga yi wa Malam barka da ɗiya mace, har da masu tambayar ranar suna. Wani tsoho da ya ɗauki ɗaya a faranti ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, nasa da Turanci ya fito, na Malam kuma da Hausa. Duk idanu suka koma kan Mamane. Shi kuwa, ko a bakin rami yake, ba ya iya ƙin amsa tambaya.

"Fasaha ce. Gaton na gane mai cinsa. In ya ji hannun malami sai ya juya harshe."

Hamissou ya rufe fuska da hula.

Mamane ya fara ja da baya a hankali, da niyyar ya kai ƙofar kicin ya ceto na Hamsatou. Ya isa bakin ƙofar ke nan sai guɗa ta tashi daga ciki. Goggo Tchima ce ta fito, yayar Alhaji, tsohuwa mai ƙarfin murya wadda mijinta ya rasu tun kafin ta zo Amirka. Hamsatou ta ba ta biskit ɗin saboda girma, wata daga cikin matan ta karanta mata. Tana riƙe da takardar sama kamar tuta, matan gidan na biye da ita suna dariya.

"Ina yake? An ce mijina na tsaye bakin ƙofa da jar hula!"

Ta juya, ga Mamane a tsaye, ga jar hula a karkace. Ta cafke hannun rigarsa.

"Ayyururui! Ashe kai ne! Shekara da shekaru ina addu'a, ashe yaro ɗanye Allah ya ajiye mani!"

"Goggo, kuskure ne. Malam ma jar hula gare shi."

"Malam a zaune yake. Takarda ta ce a tsaye."

"To bari in zauna."

"Zauna ka gani in ban zauna kusa da kai ba."

Maza suka kwanta da dariya a kan tabarmi. Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce tunda abin haka yake da daɗi bari shi ma ya ga nasa rabon. Ya laluba aljihu. Mamane ya yi kukan kura zai tare shi, amma Goggo na riƙe da riga. Alhaji ya fasa, ya miƙa wa Malam takardar.

Malam ya karanta a zuci tukuna, fuskarsa ta canza. Alhaji ya ce ya faɗa mana. Malam ya yi gyaran murya: "Tafiya mai nisa na gabanka. Tattara kayanka, ba ka dawowa garin nan."

Dariya ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Kowa a wurin ya san Alhaji zai hau jirgi ranar Talata, kowa kuma ya san duk duniya ba abin da yake tsoro kamar jirgin sama. Ya cire hularsa ya ajiye a cinya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ka shaida. Filin motoci na bar wa babban ɗana. A yafe mani, jama'a. Tchima, ki riƙe yaran nan."

Mata suka fara salati, wata ta fashe da kuka. Malam ya ɗaga hannu ya ce a natsu, wannan duba ne, kuma duba haramun ne, babu wanda ya san gobe sai Allah. Alhaji ya ce ya yarda, amma ta yaya gato ya san yana da tafiya? Wasu samari suka miƙe suka ce a tashi mota yanzu a je kantin a tambayi Shinuwa wa ya ba su labarin Alhaji. Ɗaya har ya tayar da inji.

Mamane ya dubi Alhaji, mutumin da ya ɗauke shi aiki ranar da ya sauka garin ba shi da kowa, ga shi yana wasiyya saboda 'yar takarda. Tausayi da kunya suka kama shi. Ya zame daga hannun Goggo ya zube gaban tabarmar.

"Alhaji, ba Shinuwa ba ne. Ni ne. Ni na rubuta."

"Kai ka rubuta mani mutuwa?"

"Wallahi ba naka ba ne! Na Sirajo ne!"

Sirajo ya dafe ƙirji. "Ni? Me na yi maka, bawan Allah?"

"Kai ma ka sani! Mi kake zuwa nema gidan nan?"

"Mota! Alhaji ke nema mini ƙaramar mota, matata za ta iso daga Zariya da yara."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya, bai ɓoyu ba. Alhaji ya mayar da hularsa a hankali, launinsa na dawowa.

"To na Malam fa, na wa ne?"

"Naka ne, Alhaji."

"Na Tchima?"

Mamane ya dubi ƙasa. Sannan, gaban maza da mata da dawakin maƙwabci, ya ce, "Na Hamsatou ne. Ina sonta da aure, Alhaji. Tsoron faɗa maka nake yi."

"Tsoron faɗa mani kake yi, shi ne ka kashe ni tukuna?"

"Ban yi nufin ya kai haka ba."

Alhaji ya juya wajen ƙofar kicin. "Hamsatou! Kin ji abin da wanga mutum ya ce. Mi kika gani?"

Hamsatou na tsaye bayan Goggo, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na rawa saboda dariya. Ta ce, "Baba, a ba ni shi. Wanda ya yi wannan ɓarna da gato uku, ba a barinshi cikin gari ba mai tsaro."

Guɗa ta sake tashi. Mamane ya fara miƙewa, ƙirji na dawowa wurinsa, sai Alhaji ya ɗaga yatsa.

"Ban gama ba. Ubanta na Maraɗi, can za ka je ka faɗa da bakinka, ba da gato ba. Ran Talata tare za mu hau jirgin nan, kujerarka kusa da tawa. Tunda kai ka rubuta ba dawowa, in ya faɗi, da kai a ciki."

"Alhaji, ai takarda ce kawai."

"Dakor, na yarda. To mi ya sa kake zufa?"

Da taro ya fara watsewa, Mamane ya samu Hamissou a gefen rumfa, ya gyara zaman jar hularsa, ya rage murya.

"Ka gani ko? Mata na samu, ga tafiya gida. Duk yadda na tsara."

Kafin Hamissou ya ba shi amsa, muryar Goggo Tchima ta ratsa filin gidan har dawaki suka ɗaga kai.

"Angona! Ni ban sake ka ba tukuna. Zo ka kwashe kwanukan nan!"